Shin maganin tada garkuwar jiki zai yi wa tsoho aiki kan ciwon daji?

Assalamu alaikum. Likitoci da masana, don Allah ku taimaka min. Mahaifinmu yana da shekara 78, an gano yana da ciwon dajin huhu. Likitansa ya ce jikinsa ba zai ɗauki kimo (magani mai ƙarfi na kashe ƙwayoyin daji) ba, ya ba da shawarar allurar Keytruda, wadda ke sakar wa ƙwayoyin garkuwa na T mara su yaƙi ciwon da kansu. Kuɗinta ba kaɗan ba ne, sai an sayar da gona.

Ga inda na maƙale. Gaɓar taimus da ke bayan ƙashin ƙirji, inda ƙwayoyin T ke samun horo, tana motsewa tun bayan balaga, kitse ya maye gurbinta. Kafin tsufa sababbin ƙwayoyin sun yi ƙaranci, tsofaffin sun gaji, ga kumburin cikin jiki mai ci a hankali da ke ba ciwon dama. To idan mayaƙan sun ƙare, wa allurar za ta tasa?

Amma kuma Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, yana da shekara 90 a 2015 aka yi masa ita, haɗe da tiyata da gashin na'ura mai ƙona ƙwayoyin daji, kan dajin fata da ya kai ƙwaƙwalwa, ya kuma rayu har 2024. Wannan ya hana ni yanke ƙauna.

Akwai gwajin da zai nuna ko garkuwar Baba za ta amsa kafin mu sayar? Kuma yana da ciwon suga, allurar ba za ta dagula shi ba?