Za a yi min aikin rage nono, sai an gwada naman da aka cire?

Maman Ilham (Jidda): Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata 43. Ciwon baya ya ishe ni, igiyar rigar mama har ta yi min rami a kafaɗa. An sa ranar aiki bayan Sallah, sai na ga an ƙara riyal 900 a takardar kuɗi, wai kuɗin kai naman da za a cire ɗakin gwaji ne. Na yi mamogiram (hoton nono na binciken kansa) kwanan nan, ba a ga komai ba. In biya ko in ce a cire kuɗin gwajin? Inshora ta ƙi ɗauka, wai kwalliya ce.

Hajiya ta Misfala: 'Yata, ki je ki yi mamogiram tukuna.

Ummu Sadik: Kin tambayi malamai? Taɓa halitta fa ba wasa ba ne.

Maman Ilham: Hajiya ai na ce na yi. Ummu Sadik, Majalisar Fiƙihu ta nan Jidda ta halatta tun 2007 idan girman ya kai ga cuta.

Binta Sharar Mansur: Ki biya, amma ki tsaya a kansu. Yayata ta yi a wani asibitin kuɗi, suka zuba naman dama da na hagu cikin roba ɗaya, ba rubutu. Sakamako ya fito an ga ƙwayoyin kansa ƙanana, tun ba su bazu ba. Wane nonon? Shiru. Wannan likita ya tura ta wajen wancan, ga ɗinki bai warke ba, ga miji yana cewa ita ta jawo wa kanta. Da ƙyar ta yarda aka cire duka biyun. Har yau ba wanda ya ce mata yi haƙuri.

Zee: Innalillahi! Ni riyal 350 na biya a Madina.

Ummu Sadik: Maƙwabciyata 1,500 aka caje ta. Wane 350?

Anti Rabi: Nas ce ni. Mamogiram ba ya ganin komai da komai, musamman in naman nonon mai kauri ne. Ana jiƙa abin da aka cire a ruwan fomalin mai hana nama ruɓewa, kowane ɓangare da robarsa, a yanka siriri a duba da madubin likita, sati ɗaya zuwa biyu a samu amsa. Ba kasafai ake cin karo da kansa ba, an fi samun ƙwayoyin da suka fara sauya kama, sai a riƙa bibiyarki. Kuma a ƙasar nan kansar nono ce kan gaba a cikin mata.

Hajiya ta Misfala: Nas ai ba likita ba ce. Mu da muka haifi goma muka shayar ba mu san komai ba ke nan?

Zee: Maman Ilham, in an gama gwajin a miƙo min ragowar, wasunmu nema muke 😂

Binta Sharar Mansur: Zee ba abin dariya ba ne.

Maman Walid: Ni maganar inshorar ce ta tsaya min. Kamfanin maigida ya sa mu a ajin ƙarshe, ko haƙori ba sa cirewa sai da faɗa. Ga kuɗin iyali da gwamnatin Saudiyya ke karɓa daga baƙi, riyal 400 duk wata a kan kowane kai, mu biyar ne. Da me za a yi gwaji?

Ummu Sadik: Mu dai mun mayar da yara biyu Kano saboda shi.

Maman Ilham: To ni dai in biya 900 ɗin ko in nemi inda Zee ta yi?

Maman Walid: Ummu Sadik, wace makaranta kika sa su? Nawa ne zango?