Neman kalmar Hausa: wurin ajiye tasha a rediyon 'yan sha'awa

Daga Garwa:
Assalamu alaikum. Malamai, ana shirya ɗan bayani da Hausa domin matasan da ke koyon rediyon 'yan sha'awa, wato babbar yayar oba-oba wadda ke aika magana kuma ta karɓa, sai aiki ya tsaya a kan abin da littattafan Faransanci ke kira "mémoire". Yaranmu memori suke cewa, amma a kunnen kowa memori shi ne ɗan katin da ake zuba wa hotuna a waya, alhali wannan wuri ne mai lamba da ake ajiye tasha guda a cikinsa. Wace kalma ta dace?

Daga Injamena:
Wa alaikumus salam, Malam. A nan masu Larabci zakira suke cewa, saboda haka ni ƙwaƙwalwa nake ba da shawara.

Daga Marwa:
Allah ya gafarta Malam, ƙwaƙwalwa guda ɗaya ce, waɗannan wurare kuwa suna da yawa, domin rediyo samfurin Icom IC-7300 kaɗai tana da 99 na amfanin yau da kullum, kuma ba zai yi daɗin ji ba a ce wa ɗalibi ya koma ƙwaƙwalwa ta 12. Ni gurbi na zaɓa, jam'insa gurabe. Abin da ake ajiyewa ba lambar megahaz ba ce kawai. Akwai salon aika murya iri biyu, LSB da USB, kuma al'adar masu wannan harka ita ce a yi magana da LSB a ƙasa da megahaz 10, a yi da USB a samansa, don haka tashar da ke mita 40, wadda a yankinmu na Afirka da Turai ke tsakanin megahaz 7.000 da 7.200, da wadda ke mita 20, tsakanin 14.000 da 14.350, kowace sai an ajiye ta tare da salon muryarta. A mita 2 ma har da tazarar kilohaz 600 da ake bari tsakanin aikawa da karɓa idan ana bi ta na'urar da ke maimaita magana. Duk wannan gurbi ɗaya ke riƙewa, a murɗa sau ɗaya ya fito cif. Abin da ya fi gamsar da ni shi ne Bahaushe ya riga ya tanadar mana sauran maganar: gurbi yana zama babu kowa, ana cike gurbi, idan kuma aka ɗora sabuwar tasha a kan tsohuwa, ta maye gurbinta.

Daga Ngaundare:
Na yarda da gurbi, Alhaji. Amma amfaninsa yana ga tsari, domin wanda ya zuba tashoshi barkatai zai daɗe yana lalube. A ware wa kowace mita gurabe goma a jere: 1 zuwa 10 na mita 80, 11 zuwa 20 na mita 40, 21 zuwa 30 na mita 20, a haka har mita 10, a kuma bar biyu ko uku babu kowa a kowane jeri. Ta haka idan rana ta faɗi, mita 20 ta fara dusashewa, hannu ya san inda mita 40 take. Shin jerin goman nan rumbu za mu kira shi, abin da Faransanci ke kira "bande" kuma, wato su mita 40 da mita 20, mu ce zango?

Daga Marwa:
Rumbu ya yi nauyi, rukuni ya wadatar. Zango kuwa yana da mai shi, tunda gajeren zango ya haɗe mita 80 har zuwa mita 10 gaba ɗaya. Duk wanda ya taɓa neman sashen Hausa na BBC da daddare ya san mita, a bar masa ita.

Daga Garwa:
Madalla, Allah ya saka da alheri. Za a rubuta gurbi, rukunin gurabe, da mita. Maɓallin da ke ɗauke da V/M kuma za a bayyana shi da cewa shi ke sauyawa tsakanin murɗa lamba da hannu da kiran gurbi.