Neman kalmar Hausa: me za mu kira "working memory" a rahoton gwajin yara?

1/ Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa masu nazarin harshe. Ina so mu tsayar da suna guda ga abin da masana halayyar ɗan Adam ke kira "working memory", wato iya riƙe bayani a rai na ɗan lokaci ana kuma aiki da shi, domin yana yawan fitowa a rahoton gwajin da ake yi wa yaran da suka tashi daga doguwar jinya, kuma haƙƙin iyaye ne su fahimci abin da aka rubuta game da 'ya'yansu.

2/ Yaron da ya warke daga sankarar jini, ko ƙari a ƙwaƙwalwa, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, yakan koma makaranta garau, amma bayan shekara ɗaya ko biyu sai a ga tsararrakinsa sun yi masa nisa. Galibi ba abin da ya sani ne ya zube ba, ɗaukar sabon karatu ne ya yi masa nauyi, ko dai saboda cutar kanta, ko saboda gasa masa kai da aka yi da hasken na'ura domin kashe cutar da magungunan da aka zuba masa ta gadon baya. Wani bincike da aka yi a Uganda, aka buga a 2008, ya nuna cewa kusan ɗaya cikin huɗu na yaran da zazzaɓin ya taɓa wa ƙwaƙwalwa suna da irin wannan rauni shekara biyu bayan sun warke.

3/ Ga yadda ake auna abin. A gwajin basirar yara da masanin halayyar ɗan Adam David Wechsler ya fara fitarwa a 1949, wanda bugunsa na biyar ya fito a 2014 domin 'yan shekara 6 zuwa 16, mai gwaji yakan karanta lambobi a hankali: 5, 8, 2. Idan aka ce yaro ya maimaita su yadda ya ji, riƙewa kawai ake nema. Idan kuwa aka ce ya faɗe su daga ƙarshe zuwa farko, wato 2, 8, 5, dole ya riƙe su a ransa yana kuma jujjuya su a lokaci guda. Wannan na biyun shi ne abin da muke nema wa suna. Masana Alan Baddeley da Graham Hitch ne suka fayyace shi a 1974, kuma ma'auninsa ƙarami ne ƙwarai, don wani masanin, Nelson Cowan, ya kiyasta cewa kusan abubuwa huɗu ne kawai ko ga babba. A aji, shi ne ke sa a ce wa yaro ya ɗauko littafi, ya buɗe shafi na 12, ya yi tambaya ta uku, sai ya ɗauko littafin ya tsaya yana kallon malami.

4/ Na ji shawarwari da dama. "Ƙwaƙwalwar aiki" fassara ce ta kai tsaye, amma ƙwaƙwalwa gaɓa ce ta jiki, kuma uwar da aka ce mata ƙwaƙwalwar ɗanta ta samu matsala, hankalinta kan taɓin hankali zai tafi. "Hadda" ba ta dace ba, domin hadda ajiya ce mai daɗewa, kuma da yawa daga cikin waɗannan yara haddarsu lafiya lau take.

5/ Tushen da ya fi kwanta mini a rai shi ne "riƙo". Wani malami ya kawo "riƙon ƙwarya", kuma na ga hikimarsa, tunda riƙo ne na ɗan lokaci kafin a miƙa, sai dai siyasa da sarauta sun riga sun mallake kalmar. "Riƙon zuci" yana da daɗin faɗa, yana bin sahun "zancen zuci", amma Bahaushe idan ya ji an haɗa riƙo da zuciya, ƙullata zai fahimta, kuma bai kamata a jingina wa yaro mai jinya wannan hali ba. Saboda haka ni ina kan "riƙon tunani", wato abin da mutum ke riƙe da shi muddin yana cikin tunani a kansa. Maimaitawa zalla kuma mu kira ta "gajeren riƙo".

6/ Sauran kalmomi biyu da ke fitowa a irin wannan rahoto, wato "attention" da "IQ", ba su da wahala. "Mai da hankali" ya wadatar ga ta farko, jimillar makin da matsakaicinsa yake 100 kuma a kira shi ma'aunin "basira". Ina roƙon a guji "gwajin hankali", domin a ce yaro hankalinsa ya yi ƙasa zagi ne.

7/ A rahoto, jimlar za ta zo kamar haka: "Basirarsa daidai take da ta tsararrakinsa, amma riƙon tunaninsa ya yi rauni, don haka a riƙa ba shi umarni ɗaya bayan ɗaya, a kuma rubuta masa matakan aiki." Likitoci da malaman da ke zama da iyaye, ku karanta musu ita, ku gaya mana abin da suka fahimta.