Ta yaya jiki yake sanin adadin homon da yake buƙata?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Na fahimci cewa homon sinadarai ne da wasu gaɓoɓi suke zubawa cikin jini domin isar da saƙo, amma abin da ya shige mini duhu shi ne yadda jiki yake sanin cewa ya isa haka, har ya dakatar da samar da su.

Amsa ta farko: Wa'alaikumus salam. Jiki yana auna sakamakon aikin ne. Idan mutum ya ci abinci sukari ya hau a jininsa, fankiriyas, wata gaɓa da ke cikin ciki, yana sakin homon da ake kira insulin, wanda yake sa ƙwayoyin jiki su karɓi sukarin. Da zarar sukarin ya sauka, sai sakin insulin ya ragu da kansa.

Amsa ta biyu: Malam, misalin da ya fi burge ni shi ne na tayirod da ke wuya. Wata 'yar ƙaramar gaɓa a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, fituwitari, ita ce take umartar tayirod da aiki, kuma idan homon na tayirod ya yi ƙaranci a jini sai ta ƙara matsa masa lamba. To, idan babu isasshen aidin a abinci, wato sinadarin da tayirod yake haɗa homon ɗinsa da shi, tayirod ba zai iya cika umarnin ba, matsin kuwa ba ya tsayawa, har gaɓar ta kumbura ta zama maƙoƙo.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Ashe maƙoƙo daga nan yake samo asali.