Kayan wasan da ke koyar da yaro: wanne ya cancanci a kashe masa kuɗi?

Uwar Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum, iyaye. Ina da yara biyu, babban yana da shekara uku da rabi, ƙaramar kuwa ba ta cika biyu ba. Kwanakin baya ƙanin mahaifinsu ya kawo wa babban wata 'yar kwamfutar roba mai batir, wadda idan aka danna maɓalli sai ta faɗi harafin Turanci ta kuma rera waƙa. Yaron ya yi ɗokinta na ɗan lokaci, daga nan ya watsar da ita ya koma kan murafan tukwane da gwangwanayen madara da yake jerawa a tsakar gida. Yanzu kuma maƙwabta suna ba ni shawarar in saukar masa da wasannin koyon karatu a waya. Ina roƙon waɗanda suka riga ni raino su gaya mini abin da suka ga ya amfani 'ya'yansu, domin a wannan tsadar rayuwa ba na son in zuba kuɗi a kan abin da zai ƙare a ƙarƙashin gado.

Malamar Rainon Yara ta amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Abin da ɗanki ya yi shi ne abin da nake gani kullum a aji, kuma dalilinsa a fili yake: ita wannan kwamfutar ita ce take yin wasan, shi aikinsa danna maɓalli kawai, saboda haka da zarar ya gama jin duk abin da ke cikinta babu sauran abin da zai nema. Gwangwani kuwa yau hasumiya ne, gobe mota, jibi tukunyar tuwo, kuma a duk lokacin da ya ɗora na huɗu a kan na uku ginin ya rushe, yana koyon cewa babba ne ya kamata ya zauna a ƙasa ba tare da kowa ya faɗa masa ba.

Idan za ki saya, ki fara da 'yan tubalan gini. Kamfanin Lego na ƙasar Denmark yana da samfurin da ake kira Duplo, wanda ya fito tun 1969, kowane tubali ya ninka na yau da kullum girma don kada ƙaramin yaro ya haɗiye shi. Yana da tsada, amma kafinta zai iya yanka miki guntayen katako ya goge su sumul, su yi aiki iri ɗaya. Sai wasan haɗa hoto mai manyan gutsattsari kaɗan, da alli da ɗan allo. Game da waya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, mai shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Ke nan ƙaramarki ba ta kai a ba ta waya ba tukuna.

Kakan Jikoki ya amsa:

'Yata, Malama ta yi gaskiya, sai dai ina so in ƙara cewa ba mu rasa irin wannan a gida ba. Mu da muka tashi a karkara, bayan girbi mukan ɗebo karan dawa, mu ɓare bawonsa siri-siri, mu yanka totuwar gunduwa-gunduwa, sannan mu riƙa soka bawon a cikinta har mota ta tashi da ƙofofinta, a yanko tsohon silifa a yi mata taya. Yaron da ya ƙera wannan ya san awo da daidaito, domin idan taya ɗaya ta fi sauran girma motar ba za ta tafi ba. Ɗanki bai kai ya riƙe reza ba, amma zai iya miƙo kara yana kallon manyan yara, kuma ta nan ake farawa.

Idan ya ƙara shekara biyu ko uku, a koya masa dara. Ramuka 30 ne a ƙasa, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya ci ɗaya daga na abokin karawarsa. Ban san wani wasan waya da ya fi ta koya wa yaro haƙuri da hangen abin da zai biyo baya ba. Ita kuma ƙanwarsa carafke na jiranta. Kafin nan, tatsuniya da kacici-kacici bayan sallar isha ba sa cin ko sisi, kuma su ne suke buɗe bakin yaro.

Ma'aikaciyar Jinya ta amsa:

Ni ta ɓangaren hatsari zan yi magana, tun da akwai 'yar ƙasa da shekara biyu a gidan, wadda duk abin da hannunta ya kai baki yake nufa. Ki duba ko wannan kwamfutar tana amfani da ƙaramin batir mai kama da kwabo, irin na agogo. Idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, yana iya ƙona naman wurin cikin awa biyu, kuma abin da ya kamata shi ne a garzaya asibiti nan take, ba a tsaya ana sa shi amai ba. Ƙananan maganaɗisu ma haka suke: idan ya haɗiye biyu, suna iya manne wa juna ta jikin hanji su huda shi. Sai fasasshen balan-balan, wanda yake toshe numfashi.

A jikin kwali za ki ga wani jan da'ira mai fuskar jariri da rubutun 0-3 an ja masa layi. Ma'anarsa kada a ba wanda bai kai shekara uku ba. Ki kuma guji abin wasan da fentinsa yake ɓarewa, domin wani fentin yana ɗauke da dalma. A 2007 kamfanin Mattel na Amurka ya janye kayan wasa masu ɗimbin yawa daga kasuwa saboda wannan matsala, to ina ga wanda ba a san ma inda aka ƙera shi ba. Duwatsun carafke da 'ya'yan dara da Baba ya ambata su ma a kawar da su idan an tashi wasa.

Baban Uku ya amsa:

Da izinin Malama, ni ban ga laifin waya gaba ɗaya ba. Ni da mai ɗakina duka muna fita aiki, kuma akwai maraicen da gajiya ba ta barin mutum ya yi tatsuniya. Abin da muka tsara shi ne ba a miƙa wa yaro waya a tafi a bar shi. Nakan zauna da shi, na kashe data don kada tallace-tallace su shigo, idan wasan ya nuna akuya uku sai in ce ya ƙirgo mini takalma uku a bakin ƙofa, da Hausa. Na lura cewa abin da muka maimaita tare shi ne yake zama, wanda ya kalla shi kaɗai kuwa waƙar kawai yake riƙewa.

Uwar Biyu ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba kwamfutar, manyan batura take ci, amma murfinsu ba shi da ƙusa, da farce ma yana buɗuwa, don haka na cire su na ajiye ta a saman kwaba. Gobe zan yi wa kafintan unguwarmu maganar katakon. Malama, wane girma ya kamata in ce ya yanka, kuma a shafa musu fenti ko a bar su haka?