Murɗin 1:48 ya yi wa dunƙulen dalma sauri ne?

Sabon Maharbi

Assalamu alaikum, malamai. Bindiga ce mai ɗurin baki, kaliba .50 (wato faɗin ramin bututu rabin inci), an buga 1:48 a jikin bututunta. Dunƙulen dalma nake harbawa. Da albarushi giren 60 (giren ƙaramin ma'aunin nauyi ne), harsasai kan taru wuri guda a yadi 50, amma da an kai giren 90 sai su watse kamar an watsa wa kaji tsaba. Murɗin ne ya yi sauri? Sai an sauya bututu ke nan?

Mai Dalma

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka yi gaggawar sauya bututu tukuna.

Ma'anar 1:48 ita ce tsagogin cikin bututu suna kammala zagaye ɗaya a inci 48. Dogon harsashi yana buƙatar juyi mai sauri don kada ya wuntsila a iska. Dunƙule kuwa tsawonsa da faɗinsa ɗaya ne, juyi kaɗan ya ishe shi. Lissafin murɗi na masanin lissafi Greenhill na 1879 ma haka ya nuna: idan dunƙule ne, ka ninka faɗinsa sau 150, shi ne tsawon murɗin da yake buƙata. Kaliba .50 zai ba ka inci 75, kaliba .32 kuma inci 48. Shi ya sa ake yi wa .50 da .54 murɗin 1:60, 1:66 ko 1:70, ƙananan kaliba kuma suna zama lafiya da 1:48. Bindigar Baker ta sojojin Ingila ma rubu'in zagaye kawai take yi a bututun inci 30, wato 1:120.

Shi 1:48 a kaliba .50 tsaka-tsaki ne, an yi shi don ya ɗauki dunƙule da gajeren harsashi mai tsini. Yana harba dunƙule da kyau, sai dai iyakar albarushin da yake jurewa ba ta da faɗi.

Dattijon Maƙeri

Malam Mai Dalma ya faɗi gaskiya, amma a ganina zurfin tsaga ya fi murɗi muhimmanci a wannan matsala. Ita dalma ba ta taɓa ƙarfen bututu kai tsaye, ƙyallen da aka naɗe ta da shi ne yake shiga tsaga ya juya ta. Bututun dunƙule na ainihi tsagarsa kan kai zurfin inci .010 zuwa .012, har fiye. Yawancin masu 1:48 na masana'anta kuwa ba su wuce .005 ko .006 ba. Idan albarushi ya yi yawa, sai ƙyalle ya kasa riƙe wannan 'yar tsaga, ya yage, hayaƙi mai zafi ya kutsa ta gefe, dunƙule ya fita ba cikakken juyi.

Shaidarka tana ƙasa. Bayan harbi, taka kamar yadi 10 zuwa 15 gaban bakin bindiga ka tsinci ƙyallayen. Mai kyau za ka gan shi cur, da baƙin da'ira a tsakiya, gefensa ya ɗan zare kawai. Idan ka ga ƙananan huji jere a zagaye, kaifin tudun da ke tsakanin tsagogi ko na bakin bututu ne ke yanka shi tun wajen ɗuri. Idan tsakiyar ta ƙone ko ya zama tsumma, ya yi siriri ko maiƙo ya yi masa kaɗan.

Ka sa dunƙule mai faɗin inci .490 da ƙyallen auduga zalla mai saƙa matsattsiya, kaurin inci .018, a shafe shi da maiƙo sosai. Yadin roba narkewa yake yi, kada ka kusance shi. In har yanzu yana ƙonewa, sa ɗan toshin ulu tsakanin albarushi da ƙyalle. Fara daga giren 50 na FFg (baƙin albarushi mai matsakaicin ƙwaya), ka riƙa ƙara biyar-biyar, harbi biyar a kowane awo, kana goge bututu iri ɗaya kowane lokaci. Inda harsasan suka fara watsewa, koma baya mataki ɗaya.

Mai Sikeli

Ƙari kaɗan kan dalmar kanta. A gudun ƙafa 1,800 a daƙiƙa, 1:48 na juya dunƙule sau 450 a daƙiƙa, 1:66 kuma kusan sau 327. Idan akwai kumfar iska ɓoye a cikin dalma, nauyin ya karkata gefe guda, kuma juyi mai sauri yana ƙara fito da wannan aibi. Dunƙulen .490 na tsantsar dalma kusan giren 177 ne. Auna su, duk wanda ya gaza sauran da fiye da giren ɗaya ka mayar da shi tukunya. Wajen ɗuri kuma cibiyar zubi, wato ɗan tabon da zubin dalma ya bari a jikin dunƙule, ta kalli sama, a tsakiya daidai.

Don Allah a tabbatar dunƙule ya zauna daram a kan albarushi, rata tsakaninsu na iya kumbura bututu ko fasa shi. Albarushi marar hayaƙi kuwa ba ya shiga irin wannan bindiga ko kaɗan.

Sabon Maharbi

Na gode ƙwarai, malamai. Ta yaya zan tabbatar murɗin 1:48 ne da gaske?

Dattijon Maƙeri

Bindiga ba ɗuri, sa ƙyalle mai maiƙo matsattse a kan sandar goge bututu, tura har ƙasa. Manna alama a sandar daidai bakin bututu, tana kallon saitin gaba. Ja a hankali, ka bar sandar ta juya da kanta. Idan alamar ta yi rabin zagaye, auna tsawon da ya fito ka ninka biyu. Inci 24 shi ne 1:48.