Neman kalma: confession, penance da redemption a labarin Dimmesdale

Maman Ilham: Salamu alaikum malamai. Jibi Alhamis zan miƙa rubutun shirin rediyo kan littafin labari The Scarlet Letter na Nathaniel Hawthorne, 1850. Limamin cocin nan Dimmesdale ya yi wa wata matar aure Hester ciki, ya ja bakinsa shekara 7, sai ranar mutuwarsa ya hau dandamalin hukunci a Boston ya faɗa wa jama'a. Na fassara confession da "iƙirari", penance da "kaffara", redemption da "fansa". Ku duba mini.

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Hajiya, cire iƙirari. Mai sauraron labarai ya saba da "ya yi iƙirarin kai hari", wato da'awa. "Amsa laifi" kuma sai hukuma ta tuhumi mutum, shi kuwa waliyyi garin ya ɗauke shi. Sa "furta zunubi", kamar yadda Kiristoci Hausawa ke faɗa. Kada ki kira shi Fada, 'yan Puritan, ɗariƙar Kiristocin da yake ciki, ba sa raɗa wa limami zunubi a ɗaki.

Malam Buba: Kaffara ma ba ta zauna ba. Ita tana da awo: azumin wata 2 a jere ko ciyar da miskinai 60, in an yi, nauyi ya sauka. Nasa bulala ce yake zabga wa kansa a ɓoye, ga yunwa har gwiwa ta yi rawa, ga kwana a zaune. Ba wanda ya ɗora masa, kuma bai sauke komai ba. A babi na 17, cikin daji, shi da kansa ya ce wa Hester wahalar ta ishe shi amma tubar ce babu. To "azabtar da kai" daban, "tuba" daban.

Ɗan Gobir: Kaffara, tuba, zunubi, duk Larabci! Mu ba mu da baki ne? Na ba ku "amayar-ciki". Kuma "hurta" ake cewa, ku Kanawa kuka lanƙwasa ta.

Baban Sadik: Amai a rediyo, mutane na cin tuwon dare? In aro laifi ne, sai ka mayar musu da Alhamis ɗin ma.

Ɗan Gobir: Daidaitacciyar Hausa ai Kananci ne aka naɗa wa rawani.

Maman Ilham: Don Allah yayyena, fansa fa?

Malam Buba: Za ta yi karo. Mijin Hester, likita Chillingworth, fansa yake ɗauka tun farko, kunne zai rikice. Ki ba shi "ramuwar gayya". Ga limamin, ni "kuɓuta" zan sa, don a babi na 23 likitan ya ce ya kuɓuce masa. "Ceto" ya yanke hukuncin lahira, alhali da Hester ta tambaye shi ko za su haɗu can, bai yi mata alkawari ba.

Baban Sadik: A coci "fansa" za a ce, kuɓuta ba ta kai nauyinta ba. Amma lokaci ya ƙure, tafi da kuɓuta.

Ɗan Gobir: Kuɓuta dai tamu ce, na yarda da wannan kaɗai. Amayar-ciki tana nan, za ku neme ta.